Taken Habibu a Kalangun Kawu Tanko

Shekara tara ke nan da rasuwar kawuna Tanko, makaɗin mahauta a unguwar Mandawari, Allah ya jiƙansa. Mutum ne mai surutu kamar ya ari baki, ga tsokana, ga son shayi. Har yau ina kewarsa.

Ɗana Habibu ya kai shekara biyar ba ya magana, ba ya ko waiwayowa in an kira sunansa, alhali likita ya ce kunnensa lafiya lau. Babban tashin hankalina ficewarsa. Da an bar ƙofa a buɗe ya bi lungu, kuma a lungunan cikin gari yaron da ba ya amsa kira ɓatansa ba wuya.

A sana'ar su Kawu kowane mahauci da takensa, wato ɗan kiɗan da in ya ji ya san da shi ake. Wata rana Kawu ya ce, "Ke Binta, abokina Habibu ya wuce a riƙa ƙwala masa kira kamar mai tallan koko. Manya take ake yi musu." Na ɗauka tsokanar da ya saba ce. Ashe ya ƙaga masa take. Kullum da yamma ya zaunar da shi a zaure, ya ɗora tafin yaron a jikin kalangu yana kaɗawa.

Wata rana Habibu ya ɓace, muka yi ta kira har muryoyinmu suka dishe. Kawu ya rataya kalangu ya shiga lungu yana kaɗa taken. Sai ga yaro ya fito daga wani kango ya kama masa riga.

Yanzu a makarantar su Habibu ta masu buƙata ta musamman, malamai da ganga suke koya wa yara natsuwa da jiran layi. Da Kawu na nan, na san zai ce, "Au, sai yanzu 'yan boko suka gano?" Sannan ya nemi shayi.

Da ya rasu, kukana biyu ne: rashinsa, da rashin wanda zai kira mini ɗana. Habibu da kansa ya kama hannuna ya ɗora a kalangun, ya yi ta maimaitawa har na iya taken. Ina kaɗawa, yana zuwa.

Amma wani lokacin da yamma yakan karɓi kalangun ya kaɗa wani take daban, taken Kawu kansa. Sai ya ajiye, ya zuba wa ƙofar zaure ido.