Mai Taka Zugazugin Coci

Shekara arba'in Gottlob Rentsch yana taka zugazugin da ke hura wa ƙaton abin kiɗan cocinsu iska. Bai yi karatu ba, amma ƙafafunsa sun haddace kowane take da tsoffin gwanaye suka tsara.

Ranar da aka kafa injin lantarki, makaɗin cocin ya dafa kafaɗarsa.

"Baba Gottlob, huta abinka. Wannan ba ya tari, ba ya neman giya."

"Ya san taken kuwa?"

"Ina ruwansa da take?"

Ran Lahadi Gottlob ya zauna a bencin baya yana jira kiɗan ya sarƙe a neme shi. Bai sarƙe ba, har ya fi na da daɗi. Ƙafafunsa suka ɗan taka ƙasa, sannan suka daina.