Yatsan Ƙafata a Kafaɗar Baba

Mahaifina maharbi ne, da baka da kwari. Bindiga yakan ce ta masu son a ji su ce tun daga tashar jirgi. Noman doya ne ke ciyar da gidanmu a Shango, amma in ka tambaye shi sana'arsa ba zai ambaci doya ba.

A shekarun da nake magana na riga na yi aure har da 'ya'ya. Mijina ma'aikacin jirgin ƙasa ne, yau yana Minna, gobe yana Zungeru ko gaba da can. Gidana da na iyayena babu nisa, in Inna ta ɗaga murya ina jin ta. Yayyena maza duk sun bar gona, ɗaya yana aikin reluwe, ɗaya ya tafi soja lokacin yaƙi. Ni kaɗai na rage kusa, kuma ni ce aka sa wa sunan kakata, shi ya sa Baba ba ya kirana da komai sai Uwata.

Yanar ido ce ta fara rufe masa gani. Da farko ya ɓoye. Sai wata rana ya harbi suri, ya zo ya tsaya a kansa yana neman jini. Wannan dariya aka yi aka wuce. Wanda ba a yi dariya ba shi ne ranar da ya ja baka a kan wata mata da ta sunkuya tana tsintar itace, yana tsammani gada ce. Tari ta yi, shi ya cece ta. Kibiyoyin Baba kuwa masu dafi ne, ko ƙwarzane suka yi wa mutum an gama.

Da yamma ƙanensa ya zo, wanda muke kira Baba Ƙarami. Shi ma maharbi ne, amma na bindigar toka. Ya zauna, ya gaisa, ya sha ruwa, sannan ya ce, "Yaya, kwarin nan ya kamata ya huta."

Baba ya ce, "Kwarin ne ya gaya maka ya gaji?"

"Matar mutane ce ta gaya mini. Har yanzu jikinta rawa yake."

Suka ja, suka ja. A ƙarshe Baba ya ce ya daina yawo a ƙasa, zai koma kan gadonsa na bishiya inda ba mai gilmawa. In ruwan farko ya sauka bai kawo nama gida ba, zai miƙa kwarin da hannunsa. In kuwa ya kawo, kar wanda ya ƙara yi masa maganar. Baba Ƙarami ya yarda, don ya tabbata mutumin da ya harbi suri ba zai kawo komai ba.

Ina bakin murhu ina ji. Na ce, "Ni zan riƙa raka shi."

Baba Ƙarami ya ce, "Mace a wajen harbi?"

Na ce, "To ku ku raka shi."

Ya ce yana da gona. Na ce ashe magana ta ƙare.

Gadon nan itatuwa ne da Baba ya jera ya ɗaure da igiya tsakanin rassan wata babbar kanya, can bayan gonakinmu, a bakin rafin da ke gangarawa kogin Chanchaga. Da rani rafin yakan ƙafe, sai gurbi ɗaya a gindin kanyar da ba ya rasa ruwa. Ga ruwa, ga 'ya'yan kanya suna zuba, duk abin da ke dajin sai ya biyo ta nan. Ana hawa ta kan turaku da ya kakkafa a jikin bishiyar. Abin mamaki, Baba da ke tuntuɓe da turmi a tsakar gida, in ya kama turakun nan sai ka ce biri.

Dokokinsa ba su da yawa amma ba ya sassauci. Mace ba ta taɓa kwari, ko da gefen zane. Ba a wanka da sabulu ranar fita. Ranar farko na zo da ƙamshin sabulun da mijina ya kawo mini daga Kaduna, Baba ya shinshina ya ce, "Uwata, biki za mu?" Ya sa na koma na goga toka da ganyen ɗorawa a jikina har na zama kamar tukunya. In mun hau kuma sai ya ɗebo toka daga wata 'yar jaka ya saki, ni in duba inda iska ta kai ta. In tana kaɗawa wajen ruwa, ranar zaman banza za mu yi.

Babbar doka ita ce ba magana. Wannan ta fi ba ni wuya, don ni ko a ɗakin haihuwa ban yi shiru ba. To yaya zan gaya masa abin da na gani? Sai muka tsara. Ni ina zaune a reshen da ke samansa, ƙafata tana kan kafaɗarsa. In wani abu na zuwa daga dama in taɓa kafaɗar dama, in daga hagu ne, ta hagu. In ya iso bakin ruwa, Baba yana iya ganin duhun jikinsa a kan farin yashi, abin da ba ya iya rabewa shi ne mene ne. In na danna babban yatsa da ƙarfi, nama ne, ya saki. In na ja wuyan rigarsa, ya bari. Ranar da muka tsara haka Inna ta ce ita dai ba ta taɓa ganin 'yar da ke taka ubanta ana sa mata albarka ba.

Mukan fita bayan asuba in na ɗora wa yara koko, mu sauko in rana ta yi zafi. Wani lokaci mu koma da la'asar.

Ban san daji ba sai a kan kanyar nan, ni da aka haifa a bakinsa. Mu mata mun san shi da kai a sunkuye, itace a kafaɗa, ana sauri. Daga sama kuwa in ka yi shiru sai ya manta da kai. Fakara ce ke fara zuwa, tana tafe tana waiwaye kamar wadda ta saci abu. Sai zabin daji, su ba su san sirri ba, duk abin da suka gani sai sun faɗa. Kurege yakan zo ya tsaya da ƙafa biyu ya dube ni ido cikin ido. Akwai wani damo da ke kwanciya a kan dutse ɗaya kullum, har na sa masa suna Mai Unguwa, don ba ya aikin komai sai kallon masu wucewa. Birai kuwa abokan gaba ne. In suka gano mu sai su zauna a bishiyar da ke kallonmu su yi ta tsegumi har kowa ya watse. Can nesa kuma sai ka ji jirgi ya yi kuka zai shiga tasha, duk dabbobin su ɗaga kai, su ga ba komai, su ci gaba da sha. Ni ma in ɗaga kai in ce ko mijina na ciki.

Yawancin sunayen nan a bakin Baba na ji su, a hanyar komawa gida, don nan ne ake buɗe baki. In faɗa masa kamannin abu, shi ya faɗi sunansa da halinsa. Rubuta su kuwa sai da na yi jikoki, a ajin yaƙi da jahilci. A hanyar ce kuma ya gaya mini abin da maharban wajenmu ba sa yi: ba a harbin mace mai ciki. Wanda ya feɗe ya tarar da ɗa a ciki, ba a cin naman, kuma sai ya kwance tsirkiyar bakansa ya ƙone ta a gaban 'yan'uwansa maharba. Ya ce shi tun da ya fara bai taɓa ƙone tsirkiya ba. Yadda ya faɗe shi, ka san da wannan yake taƙama fiye da duk ƙahonin da ke rataye a zaurensa.

Nama dai bai samu ba. Sau ɗaya gada ta zo, na danna, ya saki, kibiya ta wuce ta saman bayanta ta cake a yashi. Wata rana gyado, aladen daji, ya zo da iyalinsa, na ja riga, don gidanmu ba a ci. Baba ya ce a hanya ai da na bari, maƙwabtanmu na coci za su karɓa da godiya, kuma nama nama ne a wajen alkawari. Na ce bai faɗa mini haka tun farko ba. Muka yi faɗa har gida.

Bazara ta shigo. Zafi ya yi zafi, gabas ta fara haɗa gira da yamma. Baba ya rage cin tuwo. In ya ji iska ta juya sai ya fita tsakar gida ya ɗaga hanci. Baba Ƙarami kuma ya fara zuwa gaisuwa kullum, yana zama inda zai riƙa hangen kwarin.

Ranar da abin ya faru da la'asar muka hau. Hadari ya haɗu sosai, ana jin ƙamshin ƙasa daga nesa, wato wani wuri har ya fara zuba. Tsuntsaye sun yi tsit. Ina cewa a raina yau kam shi ke nan, sai na ga ganye ya motsa ta hagu. Na taɓa kafaɗar hagu. Na ji jikin Baba ya ɗaure a ƙarƙashin ƙafata.

Mazo ne. Ja, da fararen zane a gefe kamar an shafa da alli. Ya fito a hankali, taku ɗaya, tsayawa, taku ɗaya, har ya zo kan farin yashi daidai inda Baba ke so, ya ba mu gefe. Ko ni da ban taɓa riƙe baka ba na san wannan ba a kuskure shi. Baba ya ɗana kibiya, ya ja har tsirkiya ta taɓa kunnensa, yana jiran yatsana.

Sai na ga babu ƙaho. Na dubi cikin, ya sauko, ya yi faɗi, har da ta sunkuya sha sai da ta ware ƙafafu. Na haihu, na san tafiyar mai ciki ko a jikin wa na gan ta.

Yatsana yana kan kafaɗarsa. In na danna, yau akwai nama a gidanmu, Baba Ƙarami ya koma da hannu wofi, kwari ya zauna inda yake. Har na yi tunanin in ni na feɗe a daji wa zai sani. Amma mace ba ta feɗe naman dafi, Baba ne zai sa hannu a cikin nan, kuma hannunsa ba shi da yanar ido, zai gane.

Na ja wuyan rigarsa. Bai sauke ba. Na ƙara ja. Ya girgiza kafaɗa kamar mai korar ƙuda, ya ƙara jan baka. Ya ji ni sarai, so yake ya yi kamar bai ji ba. Sai na ɗaga ƙafa na ture hularsa. Ta faɗo ta bi ta cikin rassa ta sauka a yashi. Mazon ta yi haushi irin na kare, ta yi tsalle ɗaya, sai motsin ganye.

Baba ya sauke baka a hankali. Sannan ya karya dokarsa da kansa.

"Uwata, hulata kika ture."

"Na ja riga ba ku ji ba."

"Na ji."

"To."

"Mace ce?"

"Mace ce, cikinta har ƙasa."

"Kin tabbata ba ƙoshi ba ne?"

"Baba, a wannan bazarar wa ya ƙoshi?"

Ya mayar da kibiya cikin kwari. Ya ce, "Sauka ki ɗauko mini hulata, mara kunya." Kafin mu kai gonar farko ruwa ya tsuge. Ba mu yi gudu ba. Yana gaba ina baya, ya rufe bakin kwarin da hular don kar dafi ya jiƙe, ruwa na dukan sanƙonsa.

Washegari da hantsi Baba Ƙarami ya zo. Bai kai ga zama ba Baba ya shiga ɗaki ya fito da kwarin ya miƙa masa da hannu biyu. Baba Ƙarami ya karɓa, sai kuma ya rasa inda zai sa idonsa. Ya ce, "Yaya, ai bakan ka riƙe."

Baba ya ce, "Da ma ban ce zan ba ka ba. Duba tsirkiyar nan. Tsufa za ta yi ta tsinke da kanta, wuta ba ta gan ta ba."

Baba Ƙarami ya ce to sai a je a kwance gadon kanya, kar yara su hau.

Na ce, "Ba mai kwance shi. Kwari kuka yi alkawari a kai, kun samu. Gobe ma za mu hau."

"Ku hau ku yi me, ba kibiya?"

"Mu zauna."

"In ya faɗo fa?"

"In ɗauko shi a kafaɗa. Na ɗauki doyar da ta fi shi nauyi."

Inna ta yi dariya daga madafa har da tari. Baba bai yi ba, amma ranar ya cinye tuwonsa ya nemi ƙari.

Muka ci gaba da hawa, in aikin gona ya ɗaga mana ƙafa. Yana tafiya da bakansa a kafaɗa, ba kwari. Tunda ba harbi, ya yarda in riƙa yi masa raɗa, sai dai ya ce raɗata ta fi muryar wasu. Ƙafata kuma ba ta bar kafaɗarsa ba, mun saba.

Damina ta yi nisa, ciyawa ta rufe yashi, ruwa ya samu ko'ina, dabbobi suka rage zuwa. Wata safiya ganye ya motsa ta hagu. Na taɓa shi. Ita ce, cikin ya koma, ga wani ɗan abu yana bin ta a baya, ƙafafu kamar tsinke, kunnuwa sun fi kansa girma.

Na raɗa masa. Ya ce, "Ya kai yaya?"

"Kamar ɗan akuya."

"Namiji ne?"

"Baba, daga nan zan gani?"

Ya karkata kai yana sauraron takunsu har suka shige. Sannan ya ce, "Uwata."

"Na'am."

"In ƙanena ya tambaye ki me muke gani a nan, ki ce masa birai."