Minti Huɗu a Rumfar Haulatu

Duk wanda ya bi hanyar Daura zuwa Mashi a motar haya kafin shekarar husufin rana, in dai yunwa ta taɓa kama shi a hanya, to ya san rumfar Haulatu. Rumfar kara ce a bakin tashar wani ƙaramin gari, da benci uku da tukwane a kan murhu. Shekara goma sha tara tana tuƙa tuwo a wurin. 'Yar Zango ce, aure ya kawo ta. Mijinta Sabiru direba ne, mota ta kife da shi a hanyar Kano, ya bar ta da 'ya ɗaya. Manema sun yi ta sintiri, ta ce a kai kasuwa, aure ya ishe ta haka nan. Da tuwon nan ta ci, ta sha, ta aurar da 'yarta. Allah kuma ya yi ta da baki, ga dariya mai ƙarfi da ake jiyowa tun daga wurin masu faci. Iyakar laifinta ke nan, in laifi ne.

Da aka ƙaddamar da shari'a ba ta ja da kowa ba. Murna ma ta yi, don mashayan bayan tasha sun daɗe suna fitsare mata gindin rumfa. Mai giya ya tattara ya haye Nijar, mata masu zaman kansu kowacce ta kama gabanta. Haulatu ta ɗinka hijabi har ƙasa, ta janye kujerarta nesa da bencin maza. Sai daga baya ta gane abin da ya same ta. Tunda aka kwashe waɗancan, ita kaɗai ce mace marar miji da ta rage a tasha, in an tashi neman wadda za a nuna wa yatsa ba sai an yi nisa ba.

Ana cikin bazarar shekarar dubu biyu da shida rediyo ya fara shelar cewa ranar Laraba da hantsi rana za ta yi husufi, gari zai yi duhu. Kai, da ma wata Larabar ce! Wannan ta faɗo daidai da Larabgana, Larabar ƙarshen watan Safar, wadda tsofaffi ke cewa a cikinta bala'o'in shekara ke sauka. Gari ya ɗauka. Liman ya yi bayani ranar Juma'a cewa husufi aya ce daga ayoyin Allah, ba a yin sa don wani, in an gani a tafi masallaci a yi salla. Amma akwai masu kunnen ƙashi. Wasu samari da suka naɗa kansu masu gyaran gari, ba wanda ya aike su, suka shiga yaɗa cewa zunubin tasha ne ya jawo. Shugabansu Ikrima, ɗan acaɓa, ya tsaya bakin rumfa ran Litinin ya ce wa Haulatu in tana son kanta da lafiya kada ta hura wuta ran Laraba.

Gabanta ya faɗi, ba ƙarya. Ta taɓa jin labarin wani birni can gabas inda aka ƙone wurare daren da wata ya yi zazzaɓi. Amma ta auna ta ga in ta rufe, ta amsa laifi ke nan da bakinta, kuma ba za a sake barin ta buɗe ba.

Ran Talata da safe ta tare Malam Jafaru, tsohon malamin kimiyya da ya yi ritaya, wanda kullum a rumfarta yake karyawa da ɗumame. Ta ce don Allah ya gaya mata gaskiya, wai mutum yana iya jawo wannan abu? Malam ya yi dariya har ya ƙware. Ya ce ja kam akwai ja a ciki, amma ba irin wanda suke nufi ba. Ya ce Allah ya halicci kowane abu mai jiki yana jan ɗan'uwansa, gwargwadon nauyinsa gwargwadon ƙarfin jansa. Duniya tana jan duk abin da ke kanta, shi ya sa in ludayi ya kuɓuce mata ƙasa yake yi, bai taɓa yin sama ba. Ya ɗaga malmalar tuwo ya ce wannan jan, da yake ta kowane gefe tsakiya yake nufa, shi ya dunƙule duniya da rana da wata suka mulmule haka. Wata kuwa gudu yake zai wuce, duniya tana janyo shi, shi ya sa yake ta kewaya ta kamar akuyar da aka ɗaure a turke, haka ita ma duniya rana ta riƙe ta. Tunda tafiyar ba ta canja ra'ayi, masana suna iya lissafa ranar da wata zai gifta tsakaninmu da rana ya tare mana ita. Ya ce duhun sosai ba zai kai minti huɗu ba, wata zai wuce abinsa.

Haulatu ta sa shi ya maimaita maganar minti huɗun har sau uku. Rabin bayanin ta gane, rabi ta riƙe shi ne kawai don ba ta da wani abin riƙewa.

Laraba ta yi, ta hura wutarta tun da sassafe, ta tuƙa tukunya biyu. Malam Jafaru bai zo ba. Wajen ƙarfe tara da rabi hasken gari ya fara sauya kala, ya koma wani rawaya-rawaya marar daɗin gani. Zafin bazara ya ja baya, wata iska mai sanyi ta taso. Kaji suka nufi akurki, awaki suka hau kuka. Daga cikin gari ana jin mata suna ta bugun kwanoni, ladan yana kiran mutane salla. Tasha ta watse, direbobi suka bar motoci a buɗe. Haulatu ta ci gaba da kwasar tuwo tana jerawa, don in ta zauna ta san kuka za ta yi.

Sai ga su. Sun fi mutum talatin, Ikrima a gaba da jarkar fetur. Bai yi sallama ba. Shi da ya tashi yana ce mata Iya, yau sunanta ya kira gatsal.

"Ke Haulatu, ba na gaya miki ba? Ga abin da kika jawo mana nan."

Kafin ta buɗe baki ya fara watsa fetur a jikin karan rumfa. Warin ya cika wurin. Murhu yana ci, bai fi taku uku daga inda fetur ɗin ke gangarowa ba. Ta sunkuci bokitin wanke-wanke ta sheƙa wa wutar, hayaƙi ya turnuƙe. Sannan ta juyo, tsoro ya koma mata fushi.

"Ni na jawo? Ni da buhun masara ma sai an kama mini, ni zan jawo wata? Duniya ce ke jan shi, ɗan nan, tun ba a haifi kakanka ba. Giftawa yake yi ya tare rana, kuma zai wuce."

Wani daga baya ya ce ku ji ta, har ta zama malamar taurari. Aka yi wata dariya marar daɗi. Ikrima ya zaro ashana daga aljihu. Hasken da ya rage a sama bai fi bakin lauje ba.

Nan Haulatu ta yi abin da ita kanta ba ta san za ta yi ba. Ta ce su ba ta minti huɗu daga sa'ar da duhu ya rufe. In rana ba ta leƙo ba, Ikrima ya miƙo ashanar, ita da hannunta za ta ƙyasta. Ikrima ya waiga yana neman mai agogo. Wata murya ta ce ga shi nan, za ta duba. Haulatu ta san muryar. Maliki ne, direban Daura, wanda ya shekara goma yana cin tuwonta, wanda ta san ba ya son yaji da yawa, ta san sunayen 'ya'yansa huɗu. Ashe yana cikin taron.

Duhu ya rufe kamar an kife gari da ƙwarya. Tauraro ya fito da rana tsaka. A inda rana take sai wani baƙin faifai da farin haske kewaye da shi. Wasu suka faɗi suna salati, wasu suna kuka ba kunya. Haulatu ta jingina da ginshiƙin rumfa, fetur yana jiƙa mata hijabi. A lokacin ne shakka ta shige ta. In tsohon nan ya ruɗe fa? In minti arba'in ya so ya ce? Ita ina ta taɓa ganin igiyar da ta ɗaure wata? Shekara goma sha tara ta ɗora a kan maganar da ta ji jiya a bakin mai cin ɗumame.

Maliki ya ce minti ɗaya. Can ya ce biyu. Muryarsa ƙalau, kamar mai kiran lodi. Ya ce uku. Ikrima ya matso ya tura mata kwalin ashana a tafin hannu. Ta riƙe, ta buɗe, ta zaro tsinke ɗaya, don ba za a ce ta yi magana biyu ba.

Sai gefen baƙin faifan nan ya tsage, haske ya ɓullo fari fat, har sai da kowa ya kare idonsa. Zakaru suka hau cara. Kabbara ta tashi daga masallaci. Taron bai watse da gudu ba, zamewa aka yi ɗaya bayan ɗaya, kowa yana kallon ƙasa. Ikrima ya bar jarkarsa a nan. Ba wanda ya ce mata yi haƙuri, ba wanda ya ce sannu.

Yinin ranar ta yi shi tana wanke kara da toka da ruwa. Tuwon tukunya biyu duk ya ɗauki wari, ta zubar. Alhamis da asuba ta sake hura wuta a sabon murhu, ta tuƙa, ta kaɗa miyar kuka, don ta rantse ba za a ce an kore ta ba. Tana ganin ta yi nasara, har tana ɗan waƙe-waƙenta.

Hantsi ya yi, motar farko ta tsaya. Maliki ya sauko yana karkaɗa makulli, ya zauna a inda ya saba zama, ya wanke hannu. Biyu daga cikin na jiya suka zauna kusa da shi, suna hirar tsadar taya. Bai ko dube ta ba ya ce, "Haule, zuba mini na kullum."

Ta ɗauki kwano. Ta tsaya tana kallon agogon da ke ɗaure a hannunsa, ruwa yana ɗiga daga yatsunsa. Wani baƙin ciki ya taso mata, wanda bai zo mata ba ko a lokacin da take riƙe da ashana. Ta iya tare wutar Ikrima, amma ciyar da waɗannan mutane kullum safiya har ƙarshen ranta, wannan kam ba za ta iya ba.

Ta mayar da kwanon inda ta ɗauko shi. Tukunya cike a bayanta tana tururi, ta ce masa, "Ya ƙare."