Yaya Ila da Shafin Rabon Ruwa

Mu huɗu ne ranar a ofishin ƙungiyarmu ta manoman rani a Kura: ni, da shugabanmu Alhaji Garba, da wani injiniya da aka ɗauko daga Kano, sai yayana Ila, Allah ya ji ƙansa, yana gefe ya harɗe hannu.

Kun san shi, ba ya son doguwar magana. Ya tsufa yana buɗe ƙofar kanal ɗin ban ruwa, sannan ya koyi kwamfuta da yatsa ɗaya. Shi ya haɗa shafin da muke duba ranar ruwan kowa a waya. Ni ban yi boko ba, amma na tsare shi sai da ya yi min bayani. Ya ce na'ura biyu ce. Ta bakin ƙofa tana karɓar tambaya, ta yanke sunan gari da na ƙungiya daga farkon adireshin shafin, ta miƙa wa ta ciki lambar gona kawai.

Na ce, "Don me?"

Ya ce, "Tabawa, in kin shiga ɗakinki, sai an gaya miki a Kura kike?"

Haka yake yi wa saƙon mutane. Alhaji ya taɓa aiko shi ya gaishe ni, ya tambayi jikoki, sannan ya roƙi aron injin ban ruwa. Yaya ya leƙo ya ce, "Inji."

"Ina gaisuwar?"

"Na cire a ƙofa."

To injiniyan nan ya zo gyare-gyare, ya goge layin umarnin da ke yanke sunayen nan, wai bai ga amfaninsa ba. Na'urar ciki ta daina gane tambaya, shafi ya zama fari fat. Ba wanda ya san ranarsa, na kusa da ƙofa suka riƙe ruwa, tumatirina a ƙarshen kanal ya fara lanƙwashewa. Yaya ya ce ba zai taɓa ba sai wanda ya ɓata ya roƙa.

Na ce, "In ya bushe, gidanka zan tare."

Ya kalli injiniya da sauri.

Injiniya ya soma, "Baba, da farko ina mai matuƙar neman..."

Yaya ya ce, "Cire wannan."

Injiniya ya ce, "Gyara."

Yatsa ɗaya, layi ɗaya, shafi ya dawo. Ashe ranata gobe ce.

Yaya bai kai damina ba.

Washegarin ranar gyaran, da hantsi, na buɗe wa tumatirina ruwa. Ina tsaye yana bin kunya na yi masa addu'ar da nake yi har yau: Allah ya yafe wa Ila, ya shayar da shi kamar yadda ya shayar da mu.