Sojan da Baba Yake Bayarwa Kyauta

Babana mai yankan gilashi ne, kuma ba mai saurin fushi ba ne. Amma har yau in aka ambaci gasar ces ta waccan shekara, sai jijiyar wuyansa ta miƙe.

Shekara ashirin yana buga ces, wasan nan mai kama da dara da ake yi da 'yan katako a kan allo, a bayan shagonsa, shi da maƙwabcinsa tela. Hanyar buɗe wasansa guda ce: ya tura sojan gaban sarki, sannan ya miƙa maka na kusa da shi kyauta. Kana ci ka buɗe masa hanya, kafin ka farga dokinsa da sarauniyarsa sun rutsa sarkinka. Tela kaɗai ya san maganin wannan tarko, shi ma Baba ne ya nuna masa wata rana da yake cikin nishaɗi.

Da aka yi gasar gari a ɗakin taron wata makaranta, Baba ya kai wasan ƙarshe. Abokin karawarsa lauya ne, mijin 'yar tela. Baba ya miƙa sojansa. Lauya ko kallonsa bai yi ba, ya turo nasa na tsakiya. Sau tara yana bugawa babu tsayawa tunani, daidai yadda Baba ya koya wa tela. Ina zaune a baya na ga Baba ya ɗaga kai yana neman tela cikin 'yan kallo. Tela ya sunkuya yana gyara maɓallin rigarsa.

Daga nan da zuciya Baba ya riƙa bugawa. Ya rasa sarauniya, ya kwantar da sarkinsa alamar ya sallama, ya fice bai ba lauya hannu ba.

Washegari ya tsaya ƙofar shagon tela.

"Tela! Fito!"

"Haba maƙwabci, wasa ne fa. Surukina ne, ya tambaye ni, ya zan yi?"

"Wasa? Da ya ci ni da ƙwaƙwalwarsa, wallahi da na tafa masa. Amma ka kwashe sirrina ka kai masa har gida kamar ɗinkin da ka gama!"

Ranar ya kira magini ya toshe ƙaramar ƙofar da ta haɗa shagunansu. Inna ta ce tsofaffi biyu ba su ji kunya ba, suna gaba a kan 'yan katako. Baba ya ce ta bar maganar da ba ta sani ba.

Daga baya sun koma gaisawa, har ya je duba tela da ya kwanta asibiti. Amma bai sake zama da shi gaban allo ba.