Ladanin da Ya Daina Kiran Salla

Har in koma ga Mahaliccina ba za ni manta da azahar ɗin da wata tsohuwa ta yi sallama a ƙofar zaurena a Sabon Birni ba.

A shekarar ne 'yan bindiga suka tashi wani ƙauye can wajen Isa, mutanensa suka gudo wurinmu, ni kuma na sauki ladaninsu. Ranar harin, sallar asuba ya kira, mutane suka fito, ashe maharan na laɓe bayan masallaci. Shi ya tsira, da yawa cikin waɗanda suka amsa kiransa ba su tsira ba. Tun ranar bai ƙara taka masallaci ba. Sallarsa a lungu, tuwo sai an matsa masa, kullum yana ƙara ramewa.

Na yi abin da na iya. Na yi masa rubutu ya sha, na karanta masa waƙoƙin wa'azi na ajami, ina ta cewa ya yi haƙuri, ƙaddara ce. Sai ya ce, "Haka ne, Malam," ya juya fuska bango. Allah Ya yafe mini, ban taɓa tambayarsa abin da ke cin zuciyarsa ba.

Tsohuwar nan mijinta da ɗanta duk a masallacin suka rasu. Da ta shigo zauren ta ce, "Ina Ladan? An ce gudun mu kake."

Sai ya fashe da kuka. "Inna, ni na kira su. Da na yi shiru da suna raye."

Ta zauna ƙasa, ta bar shi ya yi kukansa har ya gaji. Sannan ta ce, "To, mi ka kira su su yi? Sata? Salla ka kira su, da alwala sunka tafi. Ban riƙe ka da komi ba. Amma makarantar da anka aje mu babu mai kiran salla, rana muke dubi. Tashi, lokaci na wucewa."

Ya bi ta, na bi su. A makarantar ya kira azahar, sau biyu yana tsayawa, mata na kuka, amma ya kai ƙarshe. Kiran asuba kam sai da aka yi watanni kafin ya iya.

Tun daga nan, in na je wurin wanda masifa ta taɓa, sai na saurare shi ya faɗi abin da ke ransa kafin in ce masa ya yi haƙuri.