Waken Iya a Bakin Kwalta

Iya, kakata ta wajen uba, tana da gayauna a bakin hanyar da ta fita daga Kazaure ta nufi Daura. Wake kaɗai take shukawa, wani farin iri mai ɗan jan baki da ta taho da shi daga Roni cikin kayan aurenta. Ba wanda ke da irinsa a garin. Har yau ina kewar ƙamshinsa in ya nuna a tukunya.

Da arzikin mai ya shigo, sai hanyar ta cika. Tankoki da manyan motoci suka mai da inuwar ɗorawar gefen gonar zango, direbobi su bar inji yana ta ruri, su sauka shan fura. Ba a jima ba ganyen waken ya fara yin ɗigo-ɗigo kamar an fesa masa ruwan goro. Saman ganyen kaɗai. In ka juya bayansa, fes. Iya ta nemi tsutsa ta rasa. Ta barbaɗa toka, a banza.

Sai ta yanke hukunci: baki ne. Direbobi na yaba gonar ba sa cewa tubarkalla. Ta kifa fasasshiyar ƙwarya a kan sanda, ta kafa gadi da kanta.

"Kai ɗan nan, me ka ce?"

"Iya, cewa na yi waken ya yi kyau."

"To ƙarasa mana!"

"Tubarkalla, Iya."

Duk wanda ya ƙarasa, sai ta cika masa hannu da dafaffen ɗanyen wake. Wa zai ƙi? Labari ya bazu, motoci suka ƙaru, mu 'yanmatan gidan muna ta dariya. Kowace kaka kuwa amfanin raguwa yake yi.

Sai da na shiga kwalejin horon malamai na ji cewa hayaƙin mota, in zafin rana ya dafa shi, yakan koma wata iska da ido ba ya gani, ta shiga ta kafofin numfashin ganye ta ƙone shi, wake kuma ba ya jure mata. Na dawo hutu da bayani a bakina, na tarar ganye ya zube tun wake bai ƙosa ba. Abin da Iya ta samu bai cika ƙoƙo ba, shi ma duk ya motse.

Na ce a adana shi, baɗi a nemi gona nesa da kwalta. Ta murza ƙwaya ɗaya a tafin hannunta, ta girgiza kai.

"Wannan ba zai tsiro ba, 'yar nan. Hura wuta. Gara ya ƙare a cikinku."

Muka ci. Ita ko loma ɗaya ba ta kai baki ba.